An Ba Wani Fuskar Kakan Mijina

Tun ranar da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kama sunan ƙanin mijina ba. Ƙaramin Malam nake ce masa, don tun yana ɗan mitsitsi yake yawo da littafi a hammata. Mu Kirgiz haka muke: matar da aka auro ba ta faɗin sunan mazan dangin mijinta, babba ko yaro, mai rai ko wanda ya riga mu gidan gaskiya, sai dai ta laƙaba musu wani abin. Amma yau zan faɗi nasa, in maimaita ma in na ga dama. Esentur. Sunansa Esentur, kuma na gama jin kunyarsa.

Ba ma ciki ɗaya suka fito da maigidana ba. Maraya ne na dangi, surukina ya ɗauko shi ya riƙe, ni kuma da na zo na tarar da shi da majina a hanci na ɗora daga inda aka tsaya. Ni na wanke masa riguna, ni na soya masa borsok, wato cincin ɗinmu, na ƙunsa duk lokacin da zai koma jami'a a Bishkek, babban birninmu, ni na shiga gaba aka je neman matar da yake aure. Ya dawo ƙauye ya zama malamin tarihi, kowa na cewa yaron Ata ya zama mutum. Ata shi ne surukina, haka kowa ke kiransa a gidan.

A bangon da ke kallon ƙofa, saman jibgin barguna, akwai hoto guda ɗaya. Mahaifin Ata ne, wanda nake kira Babban Ata. An ɗauke shi soja a kakar farko ta yaƙin Jamus, ya bar matarsa da ciki, ya tsaya gaban mai hoto a birni kafin a loda su a jirgin ƙasa, shi ke nan. Daga baya aka ce ya ɓata. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya dawo ya ce ga inda ya gan shi. Cikin nan da ya bari shi ne Ata, saboda haka Ata bai san uba ba sai wannan 'yar takarda mai faɗin tafin hannu: saurayi da kunnuwa a baje irin na maigidana, da girar hagu a tsage inda goɗiya ta taɓa harbinsa. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Ata ya ɗauke masa magana, a gaban hoton nan nake ajiye kujerarsa, ya wuni yana kallo. Maigidan yana Saibiriya yana tuƙin babbar mota, sai ni da tsoho a gida.

Ana nan sai Esentur ya buɗe shafinsa na intanet, wai Kwarinmu a Yaƙi. Ba zan ɓoye gaskiya don ina jin haushinsa ba, shafin ya yi kyau. Akwai taswira da jajayen ɗige-ɗige, ka taɓa ɗigo a gaya maka su wa da wa daga kwarinmu suka kwanta a wurin. Akwai muryoyin tsofaffi da ya bi gida-gida ya naɗa, mata na ba da labarin yadda suka ɗaura wa shanun tatsa garma bayan an kwashe dawakai, da yadda suka saƙa wa sojoji safa har yatsu suka fashe. Akwai gajerun darussa, da tambayoyi a ƙarshe don 'yan makaranta. Ni da na bar aji tun tuni, a nan na san ashe ba a Rasha kaɗai aka yi yaƙin ba, ya kai Afirka, ya kai dazukan Bama. Nakan jingina waya da buhun fulawa ina kwaɓi ina saurare, in na ci tambaya in yi shewa ni kaɗai a kicin. Duk matar da ta shigo sai na tura mata wayar a fuska: "Aikin Ƙaramin Malam ne fa, ɗan gidan nan."

Ƙanƙara ta fara narkewa ya zo mana, da kwalin alewa a hannu.

"Jenge, kin ƙara ƙiba ko idona ne?" Haka ƙannen miji ke kiran matar wa, kuma haka suke da baki.

"Tabaraunka ne ya tsufa. Zauna ka ci abinci, matarka ta mai da kai sandar makiyayi."

"Ai da gangan take yi, don in riƙa zuwa nan."

Ya ci, ya sha, ya goge baki, sannan ya durƙusa gaban Ata ya faɗi abin da ya kawo shi. Aron hoton yake so. Zai kai gari a ɗauke shi da na'ura mai kyau, a sa a shafi, duniya ta ga kakanmu. Ata ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kaɗa, alamar a'a. Esentur ya ƙara roƙo, ya sake kaɗawa.

Ni sarkin iyayi sai na sa baki. "Ata, ɗanka ne fa. Wa zai riƙe maka shi fiye da shi? Jikokinka da ke Rasha ma su gani a wayarsu."

Esentur ya miƙa hannu ya ɗauki gurasa daga kan shimfiɗar abinci, ya sumbace ta, ya kai goshi. "In ban dawo da shi yadda na ɗauka ba, gurasar nan ta ci ni." A wurinmu ba rantsuwar da ta wuce wannan. Ata ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sauke hannu. Ni na taka kujera na ciro hoton, na naɗe shi a sabon ɗankwalina na ba shi.

Bangon ya rage da wani ɗan fili fari tas inda hayaƙi bai taɓa ba, Ata kuwa ya ci gaba da zama gabansa. In na kira Esentur, yau mai na'ura ya yi tafiya, gobe ba wuta, jibi kuma, "Haba Jenge, sai ka ce cinye shi zan yi."

Wata safiya ina tatsar saniya waya ta yi ta ƙara a aljihu. Zauren matan ƙauye na cikin waya ne ya kacame, kowa na turo furanni da hannuwan addu'a. Wai albishir, an gano fuskar gwarzonmu Mambetali.

Mambetali kowa ya san shi. Shi ne makiyayin da ya tare gada shi kaɗai da bindiga har 'yan'uwansa suka tsallake, ya mutu a wurin. Sunansa ne a kan titinmu, jikansa Orozbek ne shugaban ƙauye, kuma a bana za a sa wa makaranta sunansa. Abu ɗaya ya rasa, bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Duk shekara in an fito bikin tunawa da yaƙi, iyalinsa allon suna kawai suke ɗagawa.

Na goge hannu a riga na taɓa. Shafin Esentur ya buɗe, sai ga Babban Ata yana kallona. An shafa masa launi, an yi masa jan kumatu kamar amarya, an liƙa masa lambar yabo a ƙirji wadda bai taɓa gani ba ko a mafarki. Amma kunnuwan suna nan. Girar hagu tana nan a tsage. A ƙasa an rubuta sunan Mambetali da manyan baƙaƙe, da bayanin cewa Malam Esentur ne ya gano hoton bayan dogon bincike. Dogon bincike! Daga bakin ƙofa zuwa bango. Saniya ta sa ƙafa ta kifar da bokitin, ban ma waiwaya ba.

Ko rigar tatsa ban cire ba na nufi makaranta. Na leƙa ajinsa ba ya nan, aka nuna mini ofishin shugaban makaranta. Ashe an ƙara masa girma, mu a gida ba mu ji ba. Yana zaune bayan teburi mai gilashi, da ya gan ni ya miƙe ya rufe ƙofa da sauri.

"Jenge, zauna mana. A kawo shayi?"

"Riƙe shayinka. Ina hoton?"

"Ki saurare ni tukuna."

"Kunnena biyu."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Kin san yaran yanzu. Shafin da ba fuska ba sa buɗe shi. Na rubuta labarin gadar nan da kyau, na sa taswira, na sa komai, ba mai tsayawa. Mambetali yana da labari, ba hoto. Namu kuma sai hoto. Me zan rubuta a kansa? An ɗauke shi, ya ɓata. Layi ɗaya. To sai na haɗa su. Ki je ki ga yadda yara ke karantawa yanzu, har daga garuruwan Osh da Talas."

"Ka haɗa su. Shayi da madara ne?"

"Ai yaƙi ɗaya suka yi, Jenge, ƙasa ɗaya suka mutu dominta. Shi kakanmu in yana gani, ba zai ji daɗi a ce kowane aji a ƙasar nan an san fuskarsa ba?"

"An san fuskarsa ana kiransa ɗan wani. Kai in aka ɗauki hotonka aka ce ɗan Orozbek ne... au, na manta, ai ka riga ka zama, ga kujerar da ya ba ka."

Wannan ta shige shi. Ya mai da tabarau.

"Ba ni takardata in tafi," na ce. "Ƙaryarka ka goge ta daga baya."

Sai ya sunkuyar da kai ya ce hoton yana gidan tarihi na gunduma, cikin gilashi, an riga an karɓa. Gogewa kuwa, ko ya goge nasa aikin banza ne. Manyan shafukan tarihin yaƙi na Bishkek sun kwafa, na Rasha sun kwafa daga na Bishkek, yanzu ko daga ina ka nemi Mambetali fuskar nan za ta fito maka. "Abin ya fi ƙarfina," in ji shi, har da 'yar fariya a muryar.

"Gurasar fa?"

"Haba Jenge. Wannan ai maganar tsofaffi ce, don hankalin Ata ya kwanta na yi."

An sha ɓata mini rai a duniya, amma ban taɓa jin abin da na ji a ofishin nan ba. Ba fushi ne kaɗai ba. Ji na yi kamar yaron da na goya ya tofa mini yawu a wuya. Na koma gida na tarar da kwaɓin da na bari ya kumbura ya zubo, na tsaya ina kallon buhun da nake jingina waya. Duk abin da na koya a wurin nan ina shewa, yanzu wanne ne gaskiya? Ɗige-ɗigen nan ja, shi ya ɗiga su inda ya ga sun fi kyau? Ita kanta gadar, akwai ta? Ranar ban toya gurasa ba, kaji suka ci kwaɓin.

Duk da haka na ɗauka abin mai sauƙi ne. Ai rabin ƙauyen nan sun sha shayi a ƙarƙashin hoton. Na fara da maƙwabciyata Sairakan, wadda ta yi zaman biki da na makoki a ɗakin nan ba adadi.

Ta karɓi wayar, ta nisanta ta, ta matso da ita, ta kira sunana. "Wallahi Burul, ya yi kama. Amma hotunan da ai duk kamarsu ɗaya, kowa da hula, kowa a tsorace. Naku kuma ba shi da lamba a ƙirji."

"Liƙa masa aka yi! Dubi girar mana."

"To ni me na sani? Ga shi dai a rubuce. Ba shafi ɗaya ba, ɗana ya duba, ko'ina haka aka sa. Duk su taru su yi ƙarya?" Ta rage murya. "Ke ba ki ga motocin kwalta ba? Saboda bikin sa wa makaranta suna za a yi mana titi. Don Allah ki bari a gama mana tukuna."

Haka na yi ta ji gida-gida. Wani ya ce idonsa ya mutu, wani ya ce shi bai taɓa ɗaga kai ya kalli bangon mutane ba. Akwai wani tsoho, abokin Ata tun suna kiwon raguna, shi na ajiye a ƙarshe don na tabbata da shi. Ya saurare ni har na gama, ya shafa gemu ya ce, "'Yata, muryata tana cikin shafin nan, ina ba da labarin uwata. Jikokina a Mosko suna ji. In aka ce shafi ɗaya ƙarya ne, gobe za a ce nawa ma ƙarya ne." Ya rako ni har ƙofa, ya ce in gaida masa Ata.

Na hau motar haya na tafi gunduma. Ga shi nan kuwa cikin akwatin gilashi, kan jan ƙyalle, ɗan hotonmu da kusurwarsa da ta karye tun kafin a haife ni. Na ce wa matar da ke tsaron ɗakin na gidanmu ne. Ta ce in kawo hujja. Na ce ita mece ce hujjarta? Ta juyo mini da kwamfuta, shafin Esentur. Na ce shi kuma shafin fa, ina tasa? Ta gangara ƙasa ta nuna mini inda aka rubuta cewa ainihin hoton yana gidan tarihi na gunduma. Na yi dariya har ta tsorata. Da zan fita ta ce, "Baiwar Allah, kin bar mana shatin yatsa a gilashi."

A hanyar dawowa na kira maigidan, ina jin ƙarar inji a bayansa. Ya yi tsaki, ya zagi Esentur iya zagi, sannan ya ce, "Ki bari in dawo lokacin kaka. Kada ki je ki tsaya gaban Orozbek, a ce gidanmu ba maza. Kuma kada Ata ya ji." Na ce to. In Ata ya nuna bango sai in ce ana gyara hoton, ya kusa.

Ranar tara ga Mayu, Ranar Nasara, Ata ya tashi da wuri ya nuna farar hularsa da kwat ɗinsa. Duk shekara nakan tura shi a keken guragu, hoton a cinyarsa, mu bi jerin masu ɗauke da hotunan nasu. Na ce Ata, akwai iska yau, mu zauna. Ya buga hannun kujera. Na ce ƙafata na ciwo. Ya sake bugawa, ya kafe ni da ido. Na sa masa hula.

Sabuwar kwalta tana ta wari, tayar keken na mannewa. Muna shan kwanar kanti sai ga jerin ya taho. 'Yan makaranta ne a gaba cikin fararen riguna, kowanne riƙe da sanda, a kan kowace sanda fuskar Babban Ata. Bayansu wani ƙyalle mai girman bangon ɗaki, maza na riƙe da shi, shi ma fuskar ce, tsagar girar nan ta kai tsawon hannuna.

Ata ya yi wani sauti da ban taɓa ji ba tun da ya kwanta ciwo. Ya kama hannuna yana girgizawa, yana nuna mini, yana dariya da rabin bakinsa, hawaye na bin kumatu. Idonsa ba ya karanta rubutu daga nesa. Shi a ganinsa ƙauye ne gaba ɗaya ya fito don ubansa, bayan shekarun nan duka da ba wanda ya taɓa ambatonsa. Ya yi ta ƙoƙarin miƙe baya, ya gyara hula, ya ɗora hannu a ƙirji yana gaida masu wucewa kamar mai karɓar baƙi. Mutane suna kawar da kai. Na so in juya keken mu koma, ya riƙe taya gam.

A filin makaranta an kafa dandamali. Wata baƙuwa daga gunduma mai jan kwat ta yi jawabi, aka tafa. Esentur ya hau ya yi bayanin shafinsa, ya ce tarihi amana ne. Amana, da bakinsa! Sannan Orozbek ya hau, ya ja igiya, mayafi ya zame daga sabon allon makaranta mai ɗauke da fuskar, Orozbek ya rungumi hoton ya sumbace shi, ya ce cikin kuka, "Kakana Mambetali, yau ka dawo gida."

Ina tsaye bayan Ata, saboda haka ban ga fuskarsa ba. Hannunsa na gani. Ya sauko daga ƙirji a hankali ya kwanta a cinya, sannan kafaɗunsa suka fara rawa.

Ban san lokacin da na isa gaban dandamalin ba. "Ƙarya ne!" na ce. "Wannan ba Mambetali ba ne. Uban tsohon can ne, ga shi can zaune. Daga bangon ɗakinmu aka ciro shi, da hannuna na ciro!"

Kowa ya juyo yana kallona. Orozbek ya leƙo ya ce, "Amarya, rana ce ta taɓa ki? A ba ta ruwa." Wasu suka yi dariya. Baƙuwar ta ɗaga masa hannu, ta juya ga Esentur. "Malam, ka san matar nan?"

"Matar wana ce," in ji shi. Ya matso bakin dandamalin da lasifika a hannu, ya yi murya mai taushi irin wadda ake yi wa mara lafiya. "Jenge, ba faɗa ba ne. Tarihi hujja yake so. In ba Mambetali ba ne, to wane ne? Faɗi sunansa kowa ya ji."

Ya san abin da yake yi. A gidan ya tashi. Ya sha yi mini dariya yana yaro in ina kewaye sunan nan, har baƙo mai irin sunan in ya zo sai dai in ce masa takwaran Babban Ata. Ya san wanda ya isa ya faɗa ba shi da baki. Ya duba ya ga ba namijin gidanmu a filin sai shi kansa, ya miƙo mini lasifikar yana murmushi.

Na waiwaya. Tsofaffin mata a layin gaba sun zuba mini ido, su da suka ɗaura mini farin ɗankwali ranar da na shigo gidan. Sairakan tana girgiza mini kai. Ata yana kallona, ban iya gane abin da ke idonsa ba. Na ɗan jira ko mutum ɗaya cikin mazan nan da suka san sunan zai ɗauke mini nauyin. Abokin Ata yana nan a layi na biyu yana nazarin takalminsa. 

Na karɓi lasifikar na faɗa. Na faɗi sunansa, na faɗi na ubansa, da ƙarfi, har ya dawo mini daga bangon makaranta. Ba zan rubuta shi a nan ba. Sau ɗayan nan ya ishe ni har in mutu.

Wata tsohuwa ta ja yatsa a kumatunta, yadda ake yi in an ga abin kunya, ta kusa da ita ma ta ja, salati ya bi layin mata har ƙarshe. Ita baƙuwar 'yar birni ce, ba wannan ya dame ta ba. Ta zaro waya, ta rubuta abin da ta ji a wurin nema na shafin Esentur, ta jira, sannan ta sunkuyo ta nuna mini. Ba a sami kowa da wannan suna ba. Duk mutanen kwarin da suka tafi yaƙi Esentur ya sa su, har waɗanda ba su bar baya ba. Mutum ɗaya ya bari a waje, kakan gidan da ya ci gurasarsa.

"Kin gani, 'yar'uwa," ta ce da tausayi. "Wataƙila a gida aka rikita." Orozbek ya yi wa masu kiɗa alama, aka saki waƙar nasara, wani ya zare lasifikar daga hannuna. Na juya keken Ata muka ratsa ta tsakiyar yaran, suna matsa mana da sandunansu.

Kafin la'asar bidiyon ya zagaye ƙauye. Ba maganar hoto ake yi ba. Maganar matar ɗan da ta kira sunan kakan mijinta a lasifika ake yi, gaban surukinta, gaban baƙi. Maigidan ya kira, abin da ya fara cewa shi ne, "Ban hana ki ba?" Esentur bai zo ba, bai kira ba. Matarsa ce ta aiko da kwanon nama daga walimar, na mayar mata ko buɗewa ban yi ba.

Duk wannan da sauƙi. Da na haɗa wa Ata shayinsa na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu, sai ya kalli kofin, ya kalle ni, ya kawar da fuska. Na ce, "Ata, don kai na yi." Bai juyo ba. Na ajiye a kan ɗan teburi na fita, ina daga bakin ƙofa na ji ya ɗauka. Tun daga ranar haka muke, ba ya karɓar komai daga hannuna sai na ajiye na ba da baya. Ko sunan da na kama ne, ko bakin da na sa aka ba da hoton, ko murnar da ya yi a titi gaban mutane ce take cin sa, ba shi da bakin gaya mini. Wannan ya fi mini ciwo fiye da komai, kuma shi ma a wuyan Esentur na rataya shi.

Abu ɗaya ne ba ya iya yi ba tare da ni ba. Bayan 'yan kwanaki ya daina kallon bango, ya fara nuna aljihuna. Na daɗe ban gane ba, sai da ya taɓa girarsa ta hagu. Ya ji bayanin shafin a filin makaranta, ya san inda ubansa yake yanzu.

Kullum da hantsi sai in jawo kujera kusa da shi in buɗe shafin Esentur. Akwai ɗan wurin da ke ƙirga masu ziyara, ina gani yana ƙaruwa da ni. Hannun Ata ɗaya ne kuma yana rawa, don haka ni nake riƙe masa wayar dab da fuskarsa. Nakan ɗora babban yatsana a kan sunan da ke ƙasan hoton in danne. Ba ya kallona, ubansa yake kallo, da jan kumatu da lambar aro. In allon ya yi duhu sai ya yi gyaran murya, in taɓa ya dawo. Haka muke zama har hannuna ya gaji in sauya ɗayan, in sake neman sunan in rufe.